Ruwan Ƙanƙara a Cikin Jirgin Ruwa: Ina Zai Bi?

Yau teku za mu nufa, amma kada hankalinku ya tafi kan manyan jiragen dakon kaya da ke tsayawa a Apapa ko Tema. Ƙananan jiragen nan nake nufi, masu filafilai, waɗanda iska ke turawa. Tsawonsu mita 9 zuwa 12, mutum biyu ko huɗu ke kwana a ciki, su yi girki a ciki, su shafe makonni ba su ga tudu ba. Kicin ɗin jirgin za mu shiga, mu ɗaga wani murfi da ke jikin teburin girki, mu leƙa ƙasa. Akwatin ƙanƙara ke nan. A can gindinsa akwai wata 'yar kafa da ba ta wuce kaurin yatsa ba, kuma a kan wannan kafa sharhinmu na yau zai tsaya.

Shi wannan akwati a jikin jirgi ake gina shi, ba a ɗaga shi a sauke kamar kular da muka saba da ita. Cikinsa faiba ce ko ƙarfe mara tsatsa, an kewaye shi da soso mai tauri wanda ke tare zafi, ƙofarsa kuma daga sama take. Akwai dalili. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Wadda ke daf da ƙanƙara ta fi ta ɗaki mai digiri 30 nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Da ƙofar a gefe take, da zarar an buɗe sai sanyin ya zubo ƙasa. Da yake daga sama take, sai ya kwanta a ciki abinsa. Ku riƙe wannan magana ta nauyin sanyi, za mu dawo kanta.

Wani zai ce, to me ya hana su sa firji su huta? Da yawa sun sa. Amma jirgin da iska ke turawa ba shi da wutar da ta wuce abin da batir ya tara daga farantin sola ko daga ɗan injin da ake tayarwa jefi-jefi, kuma a irin waɗannan jirage firji na cikin abubuwan da suka fi shan wuta, domin ba ya hutawa dare da rana. Ƙanƙara kuwa ba ta neman batir, ba ta lalacewa a tsakiyar teku ta ce sai an kira makaniki. Shi ya sa har gobe akwai masu riƙe da ita.

Sai dai ƙanƙara ba ta aiki sai ta narke. Mutane da yawa na kallon narkewar a matsayin asara, alhali ita ce aikin. Zafin da ya ratso bangon akwati, da wanda ya shigo tare da abinci, shi ƙanƙara ke haɗiyewa ta zama ruwa. Kuma tana haɗiya ba kaɗan ba. Zafin da zai narkar da kilo 1 na ƙanƙara, ba tare da ya ɗumama ruwan ko da digiri guda ba, shi ne zai ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80 a ma'aunin Salsiyos, wato ya kusa tafasa. Saboda haka duk wanda ya loda kilo 20 na ƙanƙara a jirginsa, ya san cewa lita 20 na ruwa ya loda, jinkiri kawai aka ba shi.

Matsalar ta tsufa. A shekarar 1806 wani ɗan kasuwa na birnin Boston a Amurka, Frederic Tudor, ya sari ƙanƙara daga tafkunan da hunturu ya daskarar, ya loda ta a jirgi mai filafilai zuwa tsibirin Matinik da ke yankin Karibiyan. Ya tafka asara, bashi ya yi masa katutu har sai da ya kai shi gidan yari, amma bai daddara ba. A 1833 jirgin da ake kira Tuscany ya tashi daga Boston da kimanin tan 180 na ƙanƙara, an lulluɓe ta da garin katako, ya yi wata 4 a kan ruwa, ya ratsa yankin tsakiyar duniya mai tsananin zafi har sau biyu, ya isa Kalkata ta Indiya da kimanin tan 100. Masu tarihi kan yi mamakin tan 100 da suka tsira. Ni kuwa tan 80 da suka narke nake tunani. Ruwa suka zama a cikin jirgi, kuma dole wani ya fitar da shi.

A yau ma, kowace shekara a ƙarshen watan Nuwamba, ayarin ƙananan jirage kan tashi daga Las Palmas da ke tsibiran Kanari zuwa tsibirin Sen Lusiya, tazarar kusan kilomita 5,000, tafiyar da kan ci yawancinsu kusan makonni 3. Tun 1986 ake wannan ayari. Babu kasuwa a hanya, babu mai tallar ƙanƙara. Abin da ka loda a tasha shi za ka ci, kuma ko firji gare ka ko akwatin ƙanƙara, ruwa zai taru a gindinsa. To ina zai bi?

Amsar da kamfanonin ƙera jirage da yawa suka bayar, musamman a jiragen da aka yi a shekarun 1970, ita ce mafi arha: a liƙa guntun tiyo a kafar, a sake shi ya zuba cikin kwarmin ƙasan jirgi. Wannan kwarmi shi ne wuri mafi zurfi a jirgi, a ƙarƙashin katakon da ake takawa. Duk wani ruwa da ya ɓata hanya, na sama ne ko na teku, can yake gangarawa, kuma akwai famfo da ke jiransa ya watsa shi waje. A takarda lissafin ya yi daidai. Ruwa ya narke, ya gangara, famfo ya fitar.

A zahiri kuwa wannan ganda ce, kuma mai jirgi ke biyan kuɗinta. Ruwan da ke fita daga akwatin abinci ba tsabtataccen ruwa ba ne. Ya biyo ta jikin ledar kaza, ya kwaso madarar da ta tsiyaye, da yauƙin kifi, da ɗan man shanu, da ganyen da ya ruɓe a lungu. A cikin akwati sanyi ya danne ƙwayoyin cuta, suna nan amma ba sa yawaita da sauri. Da ya faɗa kwarmi, ga duhu, ga ɗumi, ga ruwan gishiri, ga ɗigon baƙin mai daga inji, sai su samu abin da suke nema. A ruwan teku akwai wasu ƙwayoyi da ke fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai idan sun samu abinci a wurin da iska ba ta shiga. Bayan 'yan kwanaki sai mai jirgi ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya ja da baya. Zai wanke banɗaki, ya shanya katifu, ya fesa turare, warin na nan. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wari ma shi ne mafi sauƙin abin. Takardun da ke jikin gwangwani da kwalabe kan jiƙe su saɓule, su bi tiyo, su je su toshe bakin famfon da ran kowa ke hannunsa ranar da jirgi ya fara shan ruwa. Idan jirgin na katako ne, ruwan ƙanƙara ya fi na teku yi masa illa, domin fumfunar da ke ruɓar da katako ta fi samun sakewa a ruwan daɗi, gishiri kuwa na rage mata ƙarfi. Ga kuma kusoshin da ke riƙe da dalma ko ƙarfen da ke ƙasan jirgi, wanda ke hana shi kifewa: kawunansu a cikin wannan kwarmi suke, kuma zama cikin ruwa kullum ba ya yi musu kyau.

Akwai wani abu da ya fi waɗannan duka damuna. Matuƙin da ya san aikinsa yana son kwarminsa a bushe, domin ran da ya leƙa ya ga ruwa, ya san wani abu ya faru. Tsofaffin matuƙa har yatsa sukan tsoma su ɗanɗana: in da gishiri, teku ce ke shigowa, a tashi a nemi ɓaraka, in babu, tankin ruwan sha ne ko ruwan sama. To wanda akwatinsa ke tsiyaya a can dare da rana, kullum kwarminsa a jiƙe yake, ya saba da ganin ruwa, ya saba da jin famfo na tashi. Ran da teku ta fara shigowa da gaske ba zai lura da wuri ba. Batun ɗanɗanawa kuwa, wa zai kai ruwan jinin kaza na kwana biyar bakinsa?

Yanzu mu koma kan nauyin sanyi. Kafar da ruwa ke fita ta gindin akwati take, daidai inda iska mafi sanyi ke kwanciya. Idan tiyon a buɗe yake daga sama har ƙasa, ruwa na wucewa sanyi zai bi bayansa, ya yi ta zurara sannu a hankali ba tsayawa. Gurbin da ya bari kuma iska mai ɗumi da raɓa ce za ta cike shi ta gefen murfi. Mai jirgi ya sayi ƙanƙara da kuɗinsa, yana sanyaya kwarmin da babu komai a cikinsa sai datti. Wani lokaci ma warin kwarmin ke hawowa ta wannan tiyo ya shiga abinci, a yi ta zargin mai sayar da nama.

Maganin wannan ba shi da tsada. A lanƙwasa tiyon, a saukar da shi sannan a ɗan ɗaga shi kafin ya sake sauka, yadda ruwa kaɗan zai riƙa kwanciya a lanƙwasar kullum. Wannan ruwan shi ne ƙofa: sabon ruwa na zuwa ya ture tsoho ya wuce, iska kuwa ba ta da hanya, ko daga sama ko daga ƙasa. Dabarar da masu aikin famfo ke yi ke nan a ƙarƙashin kwanon wanke hannu. Sai dai a jirgi a riƙa dubawa, domin girgizar taguwar ruwa na iya zubar da abin da ya kwanta, kuma lanƙwasar ita ce wurin da datti ya fi son taruwa.

Wasu da suka gaji da wari sukan ce bari mu haɗa tiyon da bututun wurin wanke-wanke, tunda shi kai tsaye teku yake zubawa. Nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Gindin akwatin ƙanƙara a ƙananan jirage sau da yawa yana daidai da fuskar teku ko ma ƙasa da ita. Kuma jirgi mai filafilai ba a miƙe yake tafiya ba. Iska na kaɗawa ya karkata gefe guda, ya yi sa'o'i ko kwanaki a haka. Bututun da ke sama da ruwa a tasha sai ya nutse a tafiya. Abin da zai biyo baya shi ne ruwan teku, ko ruwan wanke-wanke mai maiƙo, ya hauro ta tiyo ya cika akwatin abinci. In an yi rashin sa'a ya tumbatsa cikin ɗaki. Karkatar nan tana da wata illa kuma: idan kafar na gefen da ya ɗaga sama, ruwa zai taru a ɗaya gefen, ya ƙi fita sai an juya jirgi.

Hanyar da na fi yarda da ita, ita ce a sa wa tiyon ɗan famfo na hannu ko na ƙafa, wanda zai zuƙo ruwan ya zuba shi cikin kwanon wanke-wanke ta sama, inda ido ke gani. Famfon da kansa na toshe hanyar iska, ruwan teku ba shi da yadda zai koma, kuma mai girki na ganin abin da ke fitowa. In ya ga ruwan ya yi ja ko ya yi fari, ya san wata leda ta fashe tun kafin hanci ya gaya masa. Yawan ruwan da ya fita a yini kuma shi ne ma'aunin ƙanƙarar da ta tafi, sai ya lissafa kwana nawa suka rage masa. Wanda ba shi da famfo, sai ya sa jarka mai murfi a ƙarshen tiyon, ya ɗaure ta da kyau, ya riƙa zubarwa safe da yamma. Akwai kuma masu toshe kafar gaba ɗaya su riƙa kwashe ruwan da kofi da soso. Aiki ne, musamman in akwatin na da zurfi har sai mutum ya zura kai da kafaɗa, amma ya fi sakin ruwa cikin kwarmi nesa ba kusa ba.

To ga muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakanin masu jirage, kuma na san masu sayar da lemo da zoɓo ma na yin ta: a zubar da ruwan ƙanƙarar, ko a bar shi? Masu cewa a bari suna da hujja. Ruwan nan sanyinsa ƙalau, digiri 0 yake ko kusa da haka. In ka zubar, ka zubar da sanyin da ka biya kuɗinsa. Gaskiya ne. Amma mu yi lissafi mu ga nawa ne sanyin. Mun ce narkewar kilo 1 na haɗiye zafi daidai da ɗaga ruwa digiri 80. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a ajiye abinci mai saurin lalacewa a ƙasa da digiri 5. Ke nan ruwan da ya narke, amfanin da ya rage masa ga mai ajiye nama shi ne daga 0 zuwa 5. Ya riga ya ba da 80, saura 5. Kashi 1 cikin 16 ke nan na aikin da ya riga ya yi.

A kan wannan ɗan ragowar ake so a bar nama da cuku da ganye su yi iyo tare a ruwa guda, jirgi na jijjiga su. Ba ta ɓullewa. Leda kan huje, murfin roba kan buɗe, kuma akwai ƙwayar cuta irin Listeriya da ke iya yawaita ko a cikin sanyin firji. Ciwon ciki a gida wahala ne. A tsakiyar Tekun Atlantika, inda mutum biyu ke karɓa-karɓar tuƙi kuma asibiti mafi kusa na da tafiyar kwanaki, yana iya zama ajali. Bayan haka ruwa ya fi iska saurin ɗaukar zafi fiye da sau 20, don haka ƙanƙarar da ke zaune cikin ruwa, ruwan ya haɗa ta da bangon akwati kai tsaye, zafin da ya ratso na isa gare ta da wuri.

Hukuncina a nan a fili yake. In abin da ke ciki kwalabe ne da gwangwanaye a rufe, waɗanda za a shanye yau ko gobe, a bar ruwan, zai ma fi sanyaya su da sauri. In akwai ɗanyen abinci, a zubar, a kuma sa ɗan dandamali mai ramuka a gindin akwatin yadda ƙanƙara da abinci za su zauna sama da ruwa. Masu sana'ar ɗanyen kifi sun daɗe da sanin haka. Akwatunan da ake jera kifi da ƙanƙara a ciki ana yi musu kafofi da gangan, domin ruwan da ke narkewa ya wanke yauƙi da jini ya fice da su. Kifin da ya kwana cikin wannan ruwa ya tashi daga aiki. Masuntanmu na Tafkin Chadi da Kainji da suka dogara da banda saboda ƙarancin ƙanƙara, duk wanda ya samu hali ya koma ɗanyen kifi, darasin farko da zai koya ke nan.

Akwai dabarar da ke kashe rabin maganar tun daga tushe, kuma mu nan mun riga mun iya ta. A daskarar da ruwan sha a cikin robobi, a bar ɗan sarari a sama domin ruwa na kumbura in ya daskare, a jera su a madadin ƙanƙara. Suna narkewa a cikin robarsu, akwati na nan a bushe, kuma abin da ya narke ruwan sha ne, wanda a jirgi ya fi komai daraja. Duk wanda ya taɓa sayen daskararren fiya wata da azumi ya jefa a kula ya yi wannan dabara. In kuma dole sai an sayi ƙanƙara, a nemi babban dunƙule. Ƙanana-ƙananan nan sun fi saurin sanyaya abu, amma jikinsu da ke fuskantar iska ya fi yawa, don haka sun fi saurin tafiya. A zaɓi wadda ta fito daga injin a bushe, tana kama yatsa. Wadda ta fara zufa a hannun mai sayarwa ta riga ta fara cin kwanakinta. Kuma a sanyaya akwatin tun ana gobe tafiya da 'yar ƙanƙarar da aka sadaukar, kada sabuwar ta ƙare a kan sanyaya bango.

Wanki ba shi da wani sirri. A kwashe komai, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a bi da bekin soda domin wari. Tafasasshen ruwa na iya lanƙwasa roba ya sassauta abin da aka liƙe bakin kafar da shi, a guje shi. A ɗura ruwan ta cikin tiyon, a zura siririn burushi, domin can ciki ne baƙin yauƙi ke kamawa. Tiyon da ya yi baƙi har ya sha wari, canza shi ya fi wanke shi arha. Abu guda ne zan ja kunne a kai da babbar murya: kada a haɗa bilic da ruwan kal. Kowanne shi kaɗai yana aiki, amma in sun gamu suna fitar da iskar kulorin mai guba, kuma mai wankin kansa na cikin akwatin, a ɗakin da bai fi shago girma ba. In an gama, a goge, a bar murfin a buɗe muddin ba a amfani da shi. Akwatin da aka rufe da ɗan damshi aka tafi gida wata guda, fumfuna ce za ta yi wa mai shi maraba.

Ciwon da ya fi wuyar magani shi ne wanda ido ba ya gani, wato jiƙewar soson da ke cikin bango. Soso na tare zafi ne saboda iskar da ke kulle a cikin ƙananan ramukansa. Ruwa na maye gurbin iskar, ya zama jiƙaƙƙen bargo a daren hunturu. Ta ina ruwan ke shiga? Mafi yawa ta bakin kafar nan dai, inda abin liƙi ya tsufa, ko ta tsaguwar da dunƙulen ƙanƙara ya yi wa faiba. Ku tuna dunƙule mai kilo 10 da ba a tokare shi ba, jirgi na hawa da sauka kan taguwa, duk motsi sai ya daki bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Alamominsa su ne ƙanƙarar da a da ke yin mako ta koma kwana uku, katakon da ke kewaye ya riƙa zufa ko ya yi duhu, da warin da wanki ba ya kawarwa. In abin ya kai nan, ba a shanya shi ya dawo daidai; sai an farke an sa sabo. Masu gyaran jirage kan ce a ƙasashe masu zafi kaurin soson kada ya gaza inci 4, wato santimita 10, a ƙara a gindi da kuma gefen da ke maƙwabtaka da inji ko da jikin jirgi da rana ke duka.

Murfi kuma a gwada shi da takarda. A sa ta a baki a rufe, a ja. In ta zame ba tare da turjiya ba, robar bakin ta mutu. Ƙanƙara na raguwa, sarari na ƙaruwa a sama, sai a shimfiɗa guntun soso ko tawul a kan abincin. A kuma san abin da ake nema kafin a buɗe, a bar tsayawa ana tunani murfi na hannu.

Ba zan rufe ba sai na taɓo busasshiyar ƙanƙara, domin wasu na ganin ita ce mafita tunda ba ta zama ruwa. Iskar kabon dayoksaid ce aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, kuma kilo 1 nata na komawa iska fiye da lita 500. Wannan iska ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, ba ta da launi, ba ta da wari. A gida za ta bi ƙarƙashin ƙofa ta fice. Jirgi kuwa an ƙera shi ne yadda komai ba zai fita ta ƙasa ba. Za ta bi kafar akwati ta sauka kwarmi, ta cika shi, ta hauro zuwa inda mutane ke kwance. Wanda zai yi amfani da ita, ya tabbata iska na ratsa ɗakin, kuma kada a kwana a rufe da ita. Wanda ya sa wa akwatinsa injin firji kuma, ya toshe kafar, ya riƙa buɗewa ranar wanki kawai.

Jama'a masu sauraro, yawancinmu ba mu da jirgi, amma da wuya a rasa kula a gida ko a shago. In taku na da kafa a gindi, ku duba matoshinta a yau, ku ga ko tana ɗiga, ku ga inda ruwan ke zuba. Ku raba kular abin sha da ta ɗanyen nama da kifi. Mai ajiye abincin sayarwa ya nemi ɗan ma'aunin zafi ya jefa ciki, a saman abincin, nesa da ƙanƙara. In ya haura digiri 5, a ƙara ƙanƙara ko a dafa abin a ranar.